Almakashin Zahiya

Tun watan Mayu furannin suka mutu, amma har Agusta ya raba ba a yi musu jana'iza ba. Suna nan a kan rassa, sun yamutse, sun koma launin tsohuwar taba. Wasu sun kakkaɓe sun bar 'yan ƙwallaye kore masu gemu. Duk wanda ya shigo tsakar gidan Si Rabah mai aski, a tsohuwar unguwar Blida, a kansu idonsa yake fara sauka kafin ya gaida masu gida.

Bishiyoyin wardi biyu ne a gidan. Akwai tsohuwa a jikin bangon baya, mai fure fari-fari da ɗan ja, wadda marigayiya Zahiya take tatsar ruwan wardi daga furanninta a tukunyar tagulla duk Afrilu. Akwai kuma ja ta bakin famfo, wadda Si Rabah ya dasa wa Zahiya shekarar da ya aure ta. Da wannan ja yake cika baki. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar askinsa ya ji labarinta, ko yana so ko ba ya so, tunda mutum ba ya musu da mai riƙe da aska a wuyansa.

"Tawa tun Afrilu take fure har ruwan sanyi ya sauko," yakan ce. "Sirrin kuwa tukar gahawa ne. Kullum da safe in na sha, sai in juye mata sauran a gindi."

Zahiya ta rasu da sanyin bana. Da bazara ta shigo, ja ta yi fure kamar yadda ta saba, sannan ta yi shiru. Si Rabah bai fasa juye mata tukar ba, ita kuwa ko toho. Wata safiya ya daɗe tsaye a kanta da kofi a hannu, sannan ya ce wa 'ya'yansa biyu, "Takaba take yi. Kada in ga hannun kowa a jikinta."

Yazid, ƙaramin, bai damu da dokar ba, don shi ba ya tsayawa wuri ɗaya har ya ga abin da ke ciki. Ya bar makaranta ranar da ya gane cewa taga ta fi allo daɗin kallo. Ya yi garejin mota, ya yi gidan burodi, ya yi tallan rigunan waya a tasha. Har shagon mahaifinsa ya gwada, ya rage wa wani tsoho gira ɗaya, aka sallame shi. Yanzu jakarsa na ɗaure a bayan ƙofa. Ranar Asabar abokinsa Kadur zai tafi da shi Wahran, aikin lodin kifi a bakin teku.

Ya tarar da yayarsa Huriya a tsakar gida tana murza kuskus a faffaɗan akushi, tana kallon bishiyar. An ɗaga bikinta daga bazara zuwa Oktoba saboda rasuwar.

"Kina kallonta kamar ta ci miki bashi," ya ce.

"Tafi can, ɗan yawo. Ka ma san sunanta?"

"Sunanta Takaba."

Ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da murzawa, sannan ta ce, "Ranar lalle uwa ce ke tsinko furen gidanta da hannunta, ta zuba a kwanon lalle, ta ɗora ɗaya a tafin amarya kafin a naɗe. Haka kakarmu ta yi wa Mama. Da aka sa rana, nan ta tsaya, wurin da kake tsaye, ta ce min, ja ta famfo taki ce." Ta share gumi da bayan hannu. "Hannunta dai na rasa shi. Na zaci ko furen zai zo."

"Baba ya ce za a sayo a kasuwa."

"Na kasuwa ka taɓa shinshina su? Kamar ka shinshina bokitin roba. Gara a kwaɓa min lallen haka nan."

Maganar ta bi shi har gidan Halti Baya, ƙanwar mahaifiyarsu, inda ya je sallama washegari. Ya tarar da ita a saman bene tana shanya barkono, tukwanen furanninta jere a bakin katanga. Da ya gaya mata zancen takaba, ta yi dariya har ta dafa gwiwa.

"Takaba! Bishiya! Allah ya shirya Rabah. Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanke gashi yana ganin ya sake fitowa, shi ne ke tsoron a rage wa itace."

"To me ya same ta, Halti?"

"Babu abin da ya same ta, ɗana. Hutawa take. In ka bar mataccen fure a kai, bishiya sai ta ce aikina ya ƙare, ta koma renon 'ya'ya. Waɗannan ƙwallayen da kake gani. In kuwa ka cire shi, sai ta duba ta ce, af, ashe ban haihu ba, ta sake ɗaura ɗamara. Uwarka kullum da safe, da zarar ubanka ya sa ƙafa waje, take bin ta da almakashi."

"Tukar gahawar fa?"

"Gahawa ta ci gidansu. Ta bar shi ne yana ta baza labari a gari. Ciki ba don kuskus kaɗai aka yi shi ba."

Ta jawo shi wurin wata tukunya, ta kama wani busasshen fure. "Duba nan, mai ƙaiƙayin ƙafa. Ka bi reshe ƙasa har ka tarar da ganye mai yatsu biyar, kamar tafin hannu. Sama da shi kaɗan za ka yanka, a karkace. Daga nan sabon toho zai fito. Sai ruwa, safe da yamma, a wannan zafin. Duk wanda ya buɗe da wuri ya bushe, ka cire shi. In an fara yanzu, in Allah ya so, Oktoba za ta tarar da fure. In an bari wata ya mutu, a shafa fatiha."

"Kullum?"

"Kullum. Ba aikin masu jaka a bayan ƙofa ba ne. Almakashin uwarka na cikin ramin bango, bayan tankin ruwa. Amma ka ji, ita ɗayar ta jikin bango..."

Yazid ya riga ya kai rabin matakala.

"Tsaya mana, ban gama ba!" ta ƙwala masa. "Ɗan banza, ko a cikin uwarsa bai cika wata tara ba!"

Da safe Si Rabah ya sha gahawarsa, ya juye tukar, ya fita shago. Yazid ya zura hannu bayan tanki ya zaro wani ƙunshin tsumma. Ƙaramin almakashi ne, an ɗaura masa jan zare a kunne ɗaya. Ya gwada shi a gashin hannunsa, ya aske tas. Yana ɗan warin man da ake ɗiga wa injin aski. Bai tsaya tunanin wannan ba.

Ya nemo ganye mai yatsu biyar, ya karkata hannu. Ƙyas. Mataccen furen ya faɗi a kan siminti. Ƙyas. Ƙaya ta karce shi a wuyan hannu, bai ji ba. Ƙarar ta yi masa daɗi, irin daɗin da bai samu ba a gareji ko gidan burodi, don a nan ana yi ana ganin wurin yana buɗewa. Kafin rana ta leƙo tsakar gidan ya gama da ja, ta tsaya fes kamar yaro ranar sallah. Ya waiga. Ga tsohuwar ta jikin bango, ƙwallaye reras a kanta, sun fi na ja yawa. Ya ce a ransa, in an yi wa ɗaya a yi wa biyu. Ya afka mata.

Ya ci rabinta ke nan ya ji motsi a soro. Si Rabah ne, ya dawo ɗaukar tabarau da ya manta.

Tsohon ya tsaya. Ya dubi ja, ya dubi tarin matattun furanni a ƙasa. Sannan idonsa ya kai bangon baya, sai fuskarsa ta sauya.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa wannan?"

"Baba, ai na..."

"Sauri ya haifi nawa! Wannan sau ɗaya take fure a shekara, ko ka yanke ta har ƙasa ba za ta ƙara maka ko ɗaya ba. 'Ya'yan nan ana barin su ne su nuna, su yi ja. Na tsuntsaye ne in sun sauko daga duwatsu da sanyi, da na shayin mura. Uwarka ba ta taɓa kai mata almakashi ba, ko sau ɗaya! Ja kaɗai take bi, kullum da safe, kuma ita ba ta yin wannan hauka, a hankali take..."

Bakinsa ya ɗan tsaya a buɗe.

Huriya na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce a hankali, "Baba, ashe ka sani?"

"Na san me?" Ya lalubi aljihunsa, ya lalubi ɗaya aljihun. "Gahawa ce." Ya juya ya fita, tabarau na nan a kan taga inda ya bar shi.

Da azahar Huriya ta miƙa wa Yazid kwanon miyar wake da burodi da tabarau. "Kai ka ɓata, kai za ka kai."

Shagon babu kowa sai fanka tana juyi. Si Rabah ya karɓi kwanon ya ajiye, ya nuna kujera da haɓa.

"Zauna. Kanka kamar sheƙar shamuwa."

Yazid ya zauna. Aka yafa masa farin zane, aka ɗaure a wuya da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Almakashi ya fara zagaya kunnensa. Da tsohon ya buɗe baki, madubi yake kallo, ba ɗansa ba.

"Nakan tsaya a soro in ɗaure takalmi. Ita ta ɗauka na fita. Sai in ji ta fara. Ƙyas, ƙyas. In na ji, sai in ja ƙofa a hankali in kama hanya."

"Ita ta san ka sani?"

"Sunkuyar da kai. Wa kake tsammani ke wasa mata almakashin? Aljanun tanki? Takan ajiye shi ya dakushe, ta zo ta tarar da shi da kaifi. Ba ta taɓa tambayata ba. Ni ma ban taɓa tambayar wardi ba." Ya hure gashi daga mataji. "Ranar da aka kwantar da ita asibiti na wasa shi, na ce in ta dawo ta same shi a shirye."

Fanka ta yi ta juyi. Wani mai babur ya wuce a waje yana ta hon.

"To me ya sa ka hana a taɓa ta, Baba? Huriya fa..."

"Na san zancen Huriya. Ina da kunne." Almakashin ya tsaya a iska. "Ƙarar ce. Ban shirya jin ta a hannun wani ba." Ya ci gaba da aski. "Yaushe ne tafiyar taka? Asabar?"

Yazid ya dubi kansa a madubi, gefe ɗaya a aske, gefe ɗaya a cunkushe. "Wahran ba ta da ƙafa. Tana nan."

"Hm. Za mu gani. Kai da ko shayi ba ka bari ya huce." Ya karkata masa kai da yatsa biyu. "Tsuntsayen nan kuwa, da sanyi za su kai ƙararka. Ni ba ruwana."

Ranar Asabar Kadur ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, ya leƙo ya ga Yazid da bokiti.

"Me nake gani? Ka zama mai lambu? Gobe kuma sai saƙa, ko?"

"In ka isa ka gaida kifi."

"Wallahi za ka yi da-na-sani, aboki. 'Yan matan Wahran ba sa jiran mai ban ruwa."

"Ba sa jiran mai warin kifi ma. Ja motarka, kana tare mana iska."

Motar ta tafi. Yazid ya daɗe a bakin ƙofa yana jin ƙararta har ta ɓace, ƙafarsa na masa ƙaiƙayi kamar ya bi ta da gudu. Sannan ya koma ya cika bokitin.

Si Rabah bai janye dokarsa da baki ba, bai kuma sake maimaita ta ba. Abin da ya sauya shi ne fitarsa. Yana juye tukar zai wuce soro da sauri, ya bugo ƙofa da ƙarfi yadda duk gidan zai ji cewa ya tafi, tun kafin Yazid ya kai hannu bayan tanki.

Kwanaki suka yi ta wucewa bishiyar na tsaye kamar ba ta ji an yi mata komai ba. Yazid yakan durƙusa ya leƙa gindin kowane ganye mai yatsu biyar. Wata safiya ya ga wani ɗan abu ja kamar ƙwayar shinkafa. Ya ƙwala wa Huriya kira har ta ƙona hannu da tukunya. Tohon ya miƙe, ya yi ganye masu laushi, ja-ja. Sai Satumba ta zo da iskar kudu mai zafi kamar an buɗe bakin tanderu, ta ƙone kan rabinsu. Ya ɗauko tsohon zanen gado ya yi mata rumfa. Bayan iska sai ƙananan ƙwari kore suka yi dafifi a kan sabbin rassan. Halti Baya ta ce ruwan sabulu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sau biyu Kadur ya kira daga bakin teku, ana jin kiɗa a bayansa. A karo na biyu Yazid ya ɗauko jakarsa ya ajiye a kan gado, ya zauna yana kallonta har aka kira la'asar, lokacin ban ruwa ya yi.

Ya lura kuma almakashin ba ya dakushewa. Bai tambayi kowa ba.

Ruwan farko ya sauka a farkon Oktoba. Ƙunshin furannin sun kumbura, amma suka ƙi buɗewa, kamar masu jiran a roƙe su. Huriya ta daina kallon wajen gaba ɗaya, in za ta wuce sai ta kau da kai. Ana saura kwana kaɗan lalle Si Rabah ya ce ko dai a yi wa mai fure na kasuwa magana, don kada a ji kunya.

Ranar lalle, ƙamshin ne ya tashe su.

Furannin ba su da yawa. Ba su kai na zamanin Zahiya ba, wasu ma gefensu da ɗan tabon ƙuna. Amma ja ne har ja, sun buɗe sosai, raɓa a kansu. Huriya ta fito da ɗankwali a karkace, ta tsaya a gabansu, ta rufe baki da hannu biyu. Da ta juyo, ta kama kan Yazid ta sumbaci goshinsa, abin da ba ta yi ba tun yana rarrafe.

"Ɗan yawo," ta ce.

Da la'asar tsakar gida ta cika da mata, ana guɗa, ana zagayawa da shayi da alewar almon. Halti Baya ce ta tsinko furannin a madadin yayarta. Ta marmasa wasu a kwanon lalle, ta ɗiga ruwan wardi daga kwalbar ƙarshe da Zahiya ta tatsa, ta ɗora ɗaya a tafin amarya ta naɗe. An kira Si Rabah ya sa wa 'yarsa albarka. Yana shirin fita uwar ango ta tare shi.

"Si Rabah, wardi a Oktoba, bayan wannan zafin? Tawa tun Yuni ta yi sallama. Me kuke ba ta?"

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya shafa gashin baki. "Tukar gahawa, Hajiya. Kullum da safe. Amma sai an daure."

Halti Baya ta ƙware da shayi, sai da aka bubbuga mata baya. Huriya ta sunkuyar da kai cikin mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Yazid, wanda ke riƙe da tire a bakin soro, ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Ni shaida ne."

Bayan an kai amarya gidan ya yi faɗi. Washegari da safe Yazid da mahaifinsa suka sha gahawa a bakin famfo. Furannin da aka bari a kai sun fara sunkuyar da kai, gefensu ya yi duhu, ga wasu ƙunshin a ƙasansu suna jiran wuri. A jikin bangon baya, rabin ƙwallayen da suka tsira sun fara yin ja.

Si Rabah ya juye tukar a gindin bishiyar, ya ɗauki tabarau, ya shiga soro. Yazid ya zaro almakashin, ya tsaya yana jiran bugun ƙofa kamar kullum.

Ƙofa ba ta bugu ba.

Ya ɗan leƙa. Mahaifinsa na sunkuye a cikin duhun soron, ya ba shi baya, hannunsa a kan takalmi. Takalman Si Rabah irin na zurawa ne. Tun da Yazid ya yi wayo bai taɓa ganin igiya a jikinsu ba.

Ya koma wurin bishiyar. Ya bi reshe ƙasa a hankali, har ya tarar da ganye mai yatsu biyar, ya karkata hannu.

Ƙyas.

Can a soro aka ja ƙofa, a hankali.